Nazarin Ƙirar Land Cruiser 70 da Gyare-gyaren da Ake Ƙara Mata

Gabatarwa

A ƙarshen shekarar 1984 kamfanin Toyota na Japan ya fito da wata mota mai jan ƙafa huɗu da ya sa wa suna Land Cruiser 70, domin ta gaji samfurin 40 wanda ke aiki tun 1960. Yau shekara arba'in ke nan da ɗoriya, kuma har yanzu ana ƙera ta, ana rububinta. A masana'antar da ake sauya fasalin mota duk bayan shekara biyar ko shida, irin wannan daɗewa ta isa a tsaya a duba ta. Masu haƙar ma'adinai da makiyayan Ostareliya, ma'aikatan agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Red Cross, sojoji, da direbobin da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, duk sun haɗu a kan mota ɗaya, alhali babu abin da ya haɗa ayyukansu in ban da rashin kwalta.

Wannan nazari ya duba abu uku: yadda aka gina motar, sauye-sauyen da kamfani ya yi mata tsawon shekaru, da kayan da masu ita ke ƙara mata bayan sun saya. Matsayar nazarin ita ce darajar wannan mota tana cikin daidaiton sassanta da sauƙin gyaranta, kuma duk wani ƙari da aka ɗora mata bashi ne da za ta biya, ko daga nauyin da take iya ɗauka, ko daga tsayuwarta a kan hanya, ko daga iyawar bakaniken da zai gyara ta.

Ginin motar

Yawancin ƙananan motocin zamani bodinsu shi ne ƙashin bayansu, wato an haɗe komai cikin ƙwarya guda. Land Cruiser 70 kuwa a kan cesis mai siffar tsani aka ɗora ta: manyan ƙarafa biyu a miƙe, wasu sun gitta sun haɗa su, sannan a ɗaure bodi a sama. Amfanin haka shi ne idan ƙafa ɗaya ta faɗa rami ɗaya ta hau dutse, cesis ne ke shan murɗiyar, bodi ya tsira. Shi ya sa kuma ake iya ɗora wa cesis ɗaya jiki iri-iri. Samfurin 79 a-kori-kura ce, mai gida ɗaya ko mai gida biyu da ta fito a 2012. Samfurin 78 doguwar rufaffiya ce da ke ɗaukar har mutum 13 a wasu kasuwanni, ita ce kuma ake yawan mayarwa motar asibiti. Akwai kuma samfurin 76 mai ƙofa biyar.

A ƙarƙashi, gaba da baya duk aksil ne miƙaƙƙe, sandar ƙarfe guda da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu. Wannan tsohon tsari ne, kuma yana da aibu da ba a ɓoye su: mota tana jijjiga, ba ta jin daɗin gudu a kwana, sitiyari ba ya ba da amsa da sauri. Amma a wajen kwalta yana da falala biyu. Idan ƙafa ɗaya ta ɗaga, nauyi na danna ɗayar ƙasa, tayoyi su ci gaba da riƙe hanya. Sannan tazarar da ke tsakanin aksil da ƙasa ba ta raguwa don an yi lodi, tunda tsayin taya ne ke ƙayyade ta. Ga shi kuma sassan da ke motsi ba su da yawa, abin lalacewa kaɗan ne.

Har zuwa 1999 sifirin na falle-fallen ƙarfe ne a gaba da baya. A shekarar ne kamfani ya sauya na gaba zuwa naɗaɗɗen sifirin, ya tsawaita na baya, ya bar shi na falle-falle. Hikimar rabon a fili take. Gaba na bukatar laushi don tuƙi, baya na bukatar juriya don kaya, kuma idan falle ɗaya ya karye a daji ana iya ɗaure shi a lallaɓa har a kai gari.

Yadda ƙarfi ke isa ƙafa huɗu

Mutane da yawa na zaton mota mai fowil kullum da ƙafa huɗu take tafiya. A wannan samfuri ba haka ba ne. A kan kwalta ƙafafun baya kaɗai ke tura ta. Bayan giyabos akwai wani ƙaramin akwatin giya mai raba ƙarfi, da sandarsa daban kusa da sandar giya, mai matsayi uku na aiki: H2 na tafiyar yau da kullum, H4 na burji da yashi, da L4 mai rage gudu ya ninka ƙarfin murɗa taya kusan sau biyu da rabi. Da L4 ake hawan dutse da lodi, da shi ake saukowa gangara ba tare da ƙona birki ba, da shi ake fita daga taɓo ba tare da ƙona kuloci ba. A cibiyar ƙafafun gaba kuma akwai makullai da direba ke sauka ya murɗa da hannu. Idan suna buɗe, aksil ɗin gaba yana hutawa, mai ya ragu sha.

A nan akwai ƙa'idar da rashin saninta ke kashe motoci. Idan mota na shan kwana, ƙafafun gaba sun fi na baya yin tafiya mai nisa, saboda da'irarsu ta fi faɗi. Wannan mota ba ta da abin da ke daidaita bambancin tsakanin gaba da baya, don haka in an sa fowil, furofelar gaba da ta baya gudu ɗaya suke yi dole. A kan yashi ko laka taya na ɗan zamewa ta sauke matsin. A kan busasshiyar kwalta ba ta samun zamewa, sai matsin ya taru a cikin haƙoran giya da gaɓoɓin aksil har wani abu ya karye. Direban da ya manta fowil a ciki ya hau titi, da hannunsa yake ɓalla motarsa.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi difaransha, wato haƙoran da ke tsakiyar kowane aksil masu barin ƙafar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. Difaransha na raba ƙarfi daidai wa daida tsakanin ƙafa biyu, saboda haka ƙafar da ta fi rashin riƙo ita ke yanke wa ɗayar iyaka. Idan ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu suka rasa ƙasa a lokaci guda, kamar yadda ake yi wajen tsallaka kwazazzabo a karkace, sai su yi ta juyawa a banza, sauran biyun na tsaye, mota ta kafe duk da fowil ɗinta. Maganin wannan shi ne makullin difaransha, wanda ke tilasta ƙafa biyun aksil su juya tare. Toyota na sa shi a wasu samfura tun daga masana'anta, kamfanin ARB na Ostareliya kuma yana sayar da nasa mai aiki da iska tun shekarun 1980. Cikin duk kayan da ake ƙarawa, wannan na daga waɗanda suka fi canza iyawar mota ba tare da ƙara mata nauyin kirki ba.

Injin da sauye-sauyen kamfani

Sunan da motar ta yi a Afirka yana da alaƙa ta kusa da injin dizal mai suna 1HZ wanda ya fito a 1990: lita 4.2, silinda shida a jere, babu turbo, ƙarfin doki kimanin 129. Ga mota mai nauyin fiye da tan biyu wannan ƙarfi kaɗan ne, kuma duk wanda ya bi ta a baya a hawa ya san haka. Injin da ba shi da turbo yana kuma rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ya hau, don haka a tsaunin Jos ko Mambila ragwancinsa na ƙara fitowa. Amma famfon mansa na ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta a ciki. Yana jure man da bai cika tsabta ba, kuma bakaniken da ke da sifana da gogewa yana iya buɗe shi a ƙarƙashin bishiya ya mayar. Saboda haka ne aka ci gaba da sayar da shi a kasuwannin Afirka fiye da shekara 30.

A 2007 kamfani ya kawo injin V8 mai turbo, lita 4.5, mai ƙarfin doki kimanin 200. Dalilin bai tsaya ga son ƙarfi ba, dokokin hayaƙi na ƙasashe irin su Ostareliya sun tsananta har tsofaffin injuna ba sa cika su. Wannan sauyi ya bar darasi. Domin sabon injin ya samu wuri, sai aka faɗaɗa gaban motar da aksil ɗinsa, aka bar na baya yadda yake, har tazarar ƙafafun gaba ta fi ta baya da kusan santimita 10. A cikin yashi mai zurfi ƙafafun baya ba sa bin sawun na gaba sosai, sai su riƙa yanka sabon gurbi, motar na lilo. Masu sana'ar gyara a Ostareliya sun buɗe kasuwa guda ta faɗaɗa aksil ɗin baya don magance wannan. Wato ko injiniyoyin da suka ƙera motar, da suka taɓa sashe ɗaya sai da wani sashe ya biya.

A 2023 aka sake wani babban sauyi: injin silinda huɗu, lita 2.8, mai ƙarfin doki kusan daidai da na V8, ƙarfin murɗawarsa ma ya fi, niyuton-mita 500 a kan 430, tare da giya mai canza kanta mai hawa shida. A takarda ci gaba ne ta kowace fuska: ƙarfin murɗawa ya ƙaru, shan mai da hayaƙi sun ragu. Sai dai waɗannan sababbin injuna kwamfuta ce ke fesa musu mai, da matsin da ya kai kusan bar 2,000, ta nozul masu ramukan da suka yi sirantar gashi. Ɗigon ruwa ko ƙurar da tsohon inji zai haɗiye ya wuce, tana iya kashe nozul ɗin sabo gaba ɗaya. A samfuran da aka sa wa matatar baƙin hayaƙi a salansa kuma, ana bukatar man da farar wutar cikinsa ba ta da yawa. Turai ta sauko zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009, ƙasashen ECOWAS kuwa sai a 2020 suka amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan, kuma aiwatarwar ta yi jinkiri. Ga motar da rabin manta daga jarkar 'yan bumburutu yake fitowa a garuruwan kan iyaka, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Mai sayen sabon samfuri a irin waɗannan wurare ya kamata ya sa ƙarin matatar mai mai raba ruwa cikin lissafinsa tun ranar farko, ya kuma tambayi kansa nisan da ke tsakaninsa da garejin da ke da na'urar karanta kwamfutar mota.

Akwai fanni ɗaya da sauyin kamfani ba shi da abin suka, shi ne kare rai. Shekaru da dama motar ba ta da jakar iska ko birkin ABS, kuma doguwa ce mai saurin kifewa. A Ostareliya aka fara sa mata jakar iska a 2009, ABS ya biyo baya, a 2016 kuma aka ƙara na'urar hana sulɓewa a kwana, aka ƙarfafa cesis ɗin mai gida ɗaya har ta samu tauraro biyar a gwajin hukumar ANCAP. Matsin manyan kamfanonin haƙar ma'adinai, waɗanda suka ƙi sayen motar da ba ta kai wannan matsayi ba, ya taimaka wajen kawo sauyin. Abin takaici shi ne ba kowace kasuwa ke samun waɗannan kayan a lokaci ɗaya ba. Gwamnatoci da ƙungiyoyin da ke saye da yawa a Afirka suna da irin wannan iko na gindaya sharaɗi, kuma ya dace su yi amfani da shi.

Ƙarin da masu mota ke yi

Duk wani ƙari yana farawa ne daga lamba ɗaya da ke manne a jikin motar: iyakar nauyin da aka yarda ta kai, ita da kayanta da mutanenta. A samfurin 79 wannan iyaka tana tsakanin tan 3.2 da 3.5 gwargwadon shekara da kasuwa, motar kanta kuma ta haura tan biyu. Abin da ya rage bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. A ƙiyasi, bambar ƙarfe da winci za su ci kilo 100. Ƙarin lita 100 ta dizal kilo 84 ce, ban da tankin. Lita 100 ta ruwa kilo 100 ce. Safaya ta biyu da kariyar sama za su ci wajen kilo 80, mutum biyar kuma kilo 350. An haura kilo 700 ke nan tun ba a ɗora buhu ɗaya na abin da aka fito dominsa ba. Sauya sifirin zuwa mai ƙarfi yana hana motar durƙushewa, amma bai ƙara wa birki, aksil ko cesis komai ba. Ido na ganin mota a tsaye ƙyam, alhali ta wuce ƙarfinta.

Tarihi ya nuna ƙimar rashin nauyi a hamada. A watan Janairun 1987 sojojin Chadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka ƙwace garin Fada daga hannun sojojin Libiya, a watan Maris kuma suka ƙwace sansanin Wadi Dum. Libiya na da tankokin yaƙi, Chadi kuwa a-kori-kurar Toyota take da su da aka ɗora wa makaman harbo tanka. Saurin motocin a kan yashi na daga abin da ya ba su galaba, har aka riƙa kiran wannan mataki na rikicin da sunan kamfanin. Wanda ya lafta wa motarsa ƙarfe ta ko'ina ya zubar da wannan falala da kansa.

Sai batun ɗaga mota da manyan tayoyi, wanda ya fi jan hankalin matasa. Ɗagawa kaɗan, kamar santimita 5, da shokozoba masu kyau, tana da amfani ga mai bin hanya mai ramuka. Abin da ya wuce haka yana karkatar da kusurwar sitiyari da ta furofela, ya kuma ɗaga cibiyar nauyin motar sama, kifewa ta ƙara sauƙi, musamman in an jibga jarkoki a kan rufi. Ya kamata a tuna cewa ɗaga bodi ba ya ɗaga aksil, taya ce kaɗai ke yin haka. Ita ma tayar da farashinta. Daga mai tsayin inci 32 zuwa mai inci 35, aksil ya ɗaga da ƙasa da santimita 4, amma ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan kashi 9 cikin 100, birki ya ƙara wahala, agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya, gaɓoɓin aksil ɗin gaba kuma su shiga haɗarin karyewa. Ga shi in ta fashe a ƙauye, mai faci ba shi da irinta.

Abin da ya fi girman taya tasiri a yashi shi ne iskar cikinta. Idan aka sauke ta zuwa wajen bar 1.2, tafin tayar na tsawaita a kan ƙasa, nauyi ya bazu, mota ta yi iyo a kan rairayi maimakon ta haƙa. Dabarar raƙumi ke nan, da faffaɗan tafinsa yake tafiya inda doki ke nutsewa. Sharaɗin shi ne a rage gudu, a guji karya kwana da ƙarfi, a kuma mayar da iska da zarar an hau tsandauri, don taya mai ƙarancin iska tana zafi ta fashe. Saboda haka famfon iska mai kyau da ma'aunin iska, waɗanda kuɗinsu bai kai na taya ɗaya ba, sun fi kayan ado da yawa amfani.

Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa gefen gilashi shi ma ana yi masa gurguwar fahimta. Babban aikinsa a ƙasashe masu ƙura shi ne ɗebo iska daga sama inda ƙurar ba ta da kauri, matatar iska ta daɗe ba ta toshe ba. Bai mayar da mota kwalekwale ba. Zurfin ruwan da kamfani ya yarda da shi wajen santimita 70 ne, kuma aksil mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ta mashaƙarsa ya gurɓata man ciki. Mai yawan tsallaka kogi da damina ya fara da ɗaga bututun waɗannan mashaƙai, sannan ya riƙa duba man aksil bayan kowane tsallake.

Winci kayan ceto ne na gaske a daji da duwatsu, kuma ƙa'idar masana ita ce ƙarfin jansa ya kai ninki ɗaya da rabi na nauyin mota da lodinta. Amma yana bukatar abin ɗaurewa. A tsakiyar Tenere babu bishiyar da za a ɗaura igiya, don haka shebur, faifan shimfiɗa wa taya da mota ta biyu sun fi shi amfani.

Ƙari mafi haɗari shi ne ɗora wa injin 1HZ turbo. An ƙera shi da matsi mai yawa, fiye da 22 bisa 1, fistin ɗinsa kuma ba a yi su don zafin turbo ba. Lokacin da Toyota ta so inji mai turbo a wannan girma, wani ta ƙera daban mai suna 1HD, da matsi ƙasa da 19 bisa 1 da tsarin fesa mai na daban. Wanda ya ɗora turbo ya kuma buɗe mai don ya ji gudu, yana iya tsaga fistin ko kan injin, kuma ba a ƙofar gida irin wannan ke faruwa ba, sai a hawa, da lodi, a tsakar rana.

Kammalawa

Binciken ya nuna cewa gyare-gyaren sun kasu uku. Akwai masu kare rai da lafiyar mota: birki mai kyau, jakar iska, bel, matatar mai, tayoyi daidai da lodi. Akwai masu amsa bukatar wata hanya takamaimai: makullin difaransha ga mai kwazazzabai, ƙarin tanki ga mai nisan zango, winci ga mai daji. Akwai kuma waɗanda ido kaɗai suke gamsarwa, su ne suka fi tsada, su ne kuma suka fi cin motar. Kafin a sayi kowane ƙari, a amsa tambaya huɗu: wace matsala ce zai warware a hanyar da ake bi, kilo nawa zai ci daga lodi, wane sashe ne zai ɗauki wahalarsa, kuma wa zai gyara shi in ya lalace nesa da gari. Duk abin da bai tsallake waɗannan tambayoyi ba, a bar shi a shago. Kuɗin da ya rage a kashe shi wajen horar da direba da yi wa motar sabis a kan lokaci, domin waɗannan biyun ne suka fi kowane ƙarfe tabbatar da cewa mota da mutanen cikinta sun isa inda suka nufa lafiya.